Fim ko dijital: wanne ya fi ƙara wa idon mai ɗaukar hoto kaifi?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum manya. Ana yawan cewa duk mai son ya iya kallo sai ya fara da kyamarar fim, wai dijital tana lalatar da ido. Da gaske ne, ko dai son tsohon yayi ne kawai? Kuma me ake nufi da iya kallo, ba duk mai ido ke gani ba?

Mai Ɗakin Duhu: Wa alaikumus salam. Bari mu fara da tambayarka ta biyu, don ita ce gindin maganar. Ido ba ya kawo maka abin da ke gabanka yadda yake, sai ƙwaƙwalwa ta tace shi. Wurin da ido ke gani tar-tar ƙanƙane ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu. Sauran duk ƙwaƙwalwa ce ke cikewa. Shi ya sa za ka tsayar da mutum, ka ga fuskarsa kawai, sai hoto ya fito ka tarar da turken lantarki ya tsiro daga tsakiyar kansa. Turken yana nan tun farko, kai ne ba ka gan shi ba. Haka launi: farar takarda a ƙarƙashin kwan fitila mai jan haske ido fara yake ganinta, amma fim ɗin da aka yi don hasken rana zai fito da ita ruwan lemo, domin a ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen 5500K, na irin wannan fitila kuwa 3200K ko ƙasa da haka. Kyamara ba ta da kara, ba ta ɓoye maka komai. Iya kallo shi ne ka riga ta ganin abin da za ta tona.

Fim kuwa yana tilasta maka wannan. Nadi ɗaya na 35mm hoto 24 ne ko 36. Na fim mai faɗi da ake kira 120, a kyamarar 6x6 (girman hoton a santimita) hoto 12 ne kacal, a 6x7 kuma 10. Wanda ya san 12 gare shi ba ya latsawa sai ya zagaya da ido kusurwa huɗu na tagar leƙawa.

Maman Haske: Baba, rabin maganarka na karɓa, rabi ban karɓa ba. Ƙarancin hoto yana sa mutum taka-tsantsan, gaskiya ne. Amma taka-tsantsan daban, koyo daban. Mai koyo ya ɗauki hoto yau, bai gama nadin ba sai bayan sati biyu, aka wanke, ya ga na bakwai ya yi duhu. A nawa ya sa ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi ta cikin gilashi? Wane sauri ya ba shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe idan an latsa? Ina rana take lokacin? Ya manta. To me ya koya? Dijital tana rubuta ƙofa da sauri a jikin kowane hoto, har sa'ar da aka ɗauka. Ka yi kuskure, ka gani nan take, hasken da ya ruɗe ka bai ma gusa ba, ka gyara. A koyon haske, ban ga abin da ya kai wannan ba.

Mai Ɗakin Duhu: Ai shi ya sa ake riƙe ƙaramin littafi. Lambar hoto, ƙofa, sauri, yanayin haske, layi ɗaya-ɗaya.

Maman Haske: Mutum nawa ne ke riƙewa har su kai hoto na 36, Baba? Mu faɗa wa juna gaskiya.

Ɗan Lissafi: Ku bar ni in shiga tsakani, don ina ganin ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2014 mujallar Psychological Science ta buga binciken Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield a Amurka. An zagaya da mutane gidan adana kayan tarihi, wasu abubuwan aka ce su kalla kawai, wasu aka ce su ɗauki hotonsu. Washegari da aka gwada su, abubuwan da suka ɗauka hoto su ne suka fi mantawa. Sai dai a inda aka ce su jawo wani sashe na abin kusa su ɗauka, mantuwar ba ta same su ba. Wato ɗaukar hoto ita kaɗai ba ta ƙara wa kowa lura, tana ma iya ragewa, idan mutum ya miƙa wa na'ura aikin idonsa. Abin da ke kaifafa ido shi ne yanke shawara kafin a latsa: me nake so ya fito, me zan bari a waje, yaya zai fito. Sannan a kwatanta hasashen da sakamakon. Fim yana tilasta maka hasashen amma yana jinkirta amsar. Dijital tana ba ka amsar nan take amma tana ƙyale ka ka tsallake hasashen. Kowanne da inda ya gaza.

Sabon Hannu: To yaya ake yin hasashen haske ba tare da mitar auna haske ba? Na zata sai na'ura.

Mai Ɗakin Duhu: Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Akwai tsohuwar ƙa'ida. Idan rana ta take, inuwa ta fito baƙa mai kaifin baki, sa ƙofa a f/16 (lambar tana girma, ƙofa tana ƙanƙancewa), saurin shota kuma ya yi daidai da lambar ISO, wato lambar da ke nuna yadda fim ke jin haske. Fim mai ISO 100, sai 1/125. Mai 400, sai 1/500, tunda yawancin tsofaffin kyamarori ba su da 1/400. Daga nan inuwa za ka riƙa karantawa, ba sama ba. Bakin inuwa ya yi laushi, f/11. Inuwa da ƙyar ake ganinta, f/8. Babu inuwa sam, hadari ya rufe, f/5.6. Mutum yana cikin inuwar gini ko rana na shirin faɗuwa, f/4. Kowane mataki ninki biyu ne na haske. Idan ka buɗe ƙofa mataki ɗaya, ka ƙara sauri mataki ɗaya, haske ɗaya ne: f/16 da 1/125 daidai yake da f/11 da 1/250, daidai da f/8 da 1/500.

Wanda ya yi wata guda yana wannan, ba zai sake wucewa ta gefen bango bai dubi bakin inuwarsa ba, ko da babu kyamara a hannunsa.

Maman Haske: Kuma duk wannan ana yinsa da dijital, har ya fi daɗi. Juya ta zuwa M, inda kai ke saita komai da hannu, tsayar da ISO a 100 ko 200, kada ka dubi mita. Faɗi lambobinka a ranka, sa su, latsa, sannan ka buɗe histogiram, wato zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoton, ka ga nisan da ka kauce. Sau ashirin a yini ɗaya, a haske daban-daban. Da fim sai ka ƙone nadi da yawa kafin ka sami amsoshin da za ka samu a yammaci ɗaya.

Ɗan Lissafi: Kuma ya kamata Sabon Hannu ya san dalilin da ya sa ba a sakar wa mita ragama. Mitar cikin kyamara ba ta san abin da take kallo ba. Duk abin da ka nuna mata so take ta mayar da shi toka-toka tsaka-tsaki, irin na katin nan mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske. Nuna mata farin bango, za ta rage haske bangon ya fito kamar toka. Nuna mata baƙin kyalle, za ta ƙara, shi ma ya fito toka. Saboda haka fari sai ka ƙara mataki ɗaya da rabi zuwa biyu a kan abin da ta faɗa, baƙi kuma ka rage ɗaya zuwa biyu. Inda abin ya fi cutarwa shi ne mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya, ko yana tsaye bayansa taga. Mita ta bi farin, fuska ta nutse. Dabara mai sauƙi: sa tafin hannunka a hasken da ke kan fuskar mutumin, auna shi, sannan ka buɗe mataki ɗaya, domin tafin hannu ya fi katin toka haske da kusan mataki guda.

Mai Ɗakin Duhu: Nan ne kuma hanya ta rabu, kuma nan ne masu sauya sheƙa daga wannan zuwa wancan ke faɗawa rami. Nagatif, wato fim ɗin da fari ke fitowa baƙi a jikinsa, yana jure yawan haske, ba ya jure ƙarancinsa. Fim mai launi irin Portra 400 ka ƙara masa mataki biyu, hoton zai fito lafiya. Ka rage masa biyu, inuwa ta zama laka, tsaba-tsaba ta cika ta, domin wurin da haske bai taɓa ba babu abin da maganin wanki zai tayar. Saboda haka mai nagatif inuwa yake fara dubawa. Tsarin da Ansel Adams da Fred Archer suka tsara wajen 1940 a kan haka ya ginu. Nemi wuri mafi duhu da kake son a ga zarensa, auna shi, rufe mataki biyu. Misali mita ta ce f/4 a 1/60, kai sai ka sa f/8 a 1/60. Sannan auna wuri mafi haske da kake son kada ya ƙone. Idan tazararsu mataki biyar ce, wanki na yau da kullum ya isa. Idan ta wuce, rage lokacin wanki da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, farin zai sauko, inuwa kuma ba za ta motsa sosai ba. Sai dai a yi adalci: wannan ya fi dacewa da fim mai falle-falle da ake wanke kowanne shi kaɗai. A nadi, duka 36 ɗin wanka ɗaya za su yi.

Maman Haske: Sensa kuwa, wato farantin da ke karɓar haske a kyamarar dijital, akasin haka take. Idan wuri ya cika da haske har ya kai maƙura, shi ke nan, fari ne fat, babu manhajar da za ta dawo da shi. Inuwa kuwa a fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ana iya ɗago ta mataki biyu ko uku a kyamarorin zamani, musamman a ƙaramin ISO. Don haka mai dijital farin yake gadi: goshi mai sheƙi, gajimare, farar riga. Kunna alamar nan mai ƙyaftawa a wurin da ya ƙone. Abu biyu kuma a kiyaye. Na farko, kada a auna hoto da hasken allon kyamara. A cikin rana allon yana nuna hoto kamar ya yi duhu, da dare kamar ya yi haske, sai mutum ya gyara abin da bai lalace ba. Na biyu, histogiram ɗin da ke bayan kyamara daga ƙaramin JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa, yake fitowa, ba daga RAW ba, don haka yakan nuna an ƙone alhali akwai ɗan saura. Kowa ya gwada tasa ya san iyakarta.

Ɗan Lissafi: Fim ɗin silaid, mai fito da hoto kai tsaye ba nagatif ba, shi ma halin sensa gare shi, farin yake ƙonewa, kuma kuskuren rabin mataki ma yana nunawa. Don haka ba duk fim ne mai yafiya ba.

Mai Gyaran Kyamara: Kuna ta zancen ido, ku bar ni in yi na ƙarfe, don mai koyo da ya sayi tsohuwar kyamara yakan ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba. Soson da ke toshe haske a bakin murfin baya yana narkewa da tsufa, ya zama kamar kwalta. Alamarsa jan zane ko ruwan lemo a gefen hoto, yawanci ta wajen maƙalin murfin. Shota mai shekaru tana nauyi: ka sa 1/1000 ta ba ka 1/500, a daƙiƙa ɗaya kuma ta tsaya tana jan ƙafa. Buɗe bayanta, ka gwada kowane sauri kana kallo kana saurare. Kyamarori da yawa na shekarun 1960 da 1970 an yi mitarsu ne don batirin zaiba mai 1.35V, wanda aka daina yi. Ka sa mata na yanzu mai 1.5V, mita ta riƙa yi maka ƙarya. Haska tocila ta cikin gilashi: idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, danshi ya kawo ta. Kuma babban kuskuren sabon hannu: harshen fim bai kama ba, mutum ya yi ta latsawa har 36 a kan iska. Bayan ka rufe murfi, ɗaure saƙwaƙwar fim da maɗaukin mayar da fim baya, sannan duk lokacin da ka ja gaba ka tabbata maɗaukin yana juyawa. In bai juya ba, fim bai tafiya.

Dijital ma da nata. Ƙura a kan sensa ba ta nunawa a f/2.8, sai ka rufe zuwa f/16 ka ɗauki sararin sama ka ga ɗigo-ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto. A hura da roba mai busa iska, kyamara tana kallon ƙasa. Kada a hura da baki.

Sabon Hannu: Allah ya saka da alheri. Wankin baƙi-da-fari fa, ana iya yi a gida ko sai da ɗakin duhu?

Mai Ɗakin Duhu: Duhu ana bukatarsa ne kawai wajen naɗa fim a kan faifai da sa shi a tanki, kuma jakar duhu ta wadatar. Da an rufe tanki, sauran a haske ake yi. Ɗauki fim ɗin HP5 Plus da maganin wanki na ID-11 a misali. Ruwa a 20°C. Tankin Paterson yana cin mililita 290 ga nadin 35mm ɗaya, 500 ga na 120. Maganin ba sirki minti 7 da rabi, idan an sirka ɗaya-da-ɗaya da ruwa minti 13. Kifa tanki sau huɗu a daƙiƙa goman farko, haka kuma a farkon kowane minti, ka ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki. Zubar, sa ruwan tsayarwa kamar rabin minti, sannan fiksa, maganin da ke tabbatar da hoto a fim, kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, minti 2 zuwa 5. Ɗauraya: cika da ruwa ka kifa sau 5 ka zubar, sake cikawa sau 10, sake cikawa sau 20. Ɗigon maganin hana tabon ruwa a ƙarshe, a rataye inda babu ƙura.

Karanta nagatif shi ma horon ido ne. Fim ya fito fayau amma lambobin gefe suna nan: wanki ya yi, haske ne bai shiga ba. Ya fito fayau babu ko lambobin gefe: ko an fara zuba fiksa, ko maganin wankin ya mutu. Ya yi fari-fari kamar madara: fiksa bai isa ba, mayar da shi cikin sabo, zai gyaru. Ɗan tabo kamar jinjirin wata: an lanƙwasa fim wajen naɗawa, sau da yawa saboda faifan yana da danshi ya ƙi karɓa. Zane-zane daga ramukan gefe: girgiza ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Fuskar fim ta yi tsattsage kamar busasshiyar laka: an fito da shi daga ruwa mai ɗumi zuwa mai sanyi ƙwarai. Inuwa fayau: ƙarancin haske wajen ɗauka. Fari ya toshe baƙi ƙirin a nagatif: wanki ya yi yawa. Wankin mai launi kuwa, da ake kira C-41, yana son 38°C daram da minti 3 da daƙiƙa 15, don haka ba da shi ake fara koyo ba.

Ɗan Lissafi: Ƙarin abu ɗaya ga mai ɗaukar dare. Idan buɗewar shota ta wuce daƙiƙa ɗaya, fim yana fara kasala, lissafin mita ba ya riƙewa. A HP5, daƙiƙa 10 na mita sai ka ba shi kamar 20. Sensa ba ta da wannan matsala, nata zafi ne da ɗigon launi idan an daɗe.

Maman Haske: Duk wannan ilimi ne, Baba, amma yawancinsa ilimin kemikal ne, ba na kallo ba. Kuma yawancin masu fim a yau sikanin ake yi musu, hoton ya koma kwamfuta. Launin da suke yabo, rabinsa zaɓin na'urar sikanin ne da wanda ya zauna a gabanta. Ni abin da nake ganin ya fi gyara ido ba ruwansa da fim ko sensa: gilashi ɗaya mara zuƙowa, 35mm ko 50mm, wata uku ba canji. A ƙaramar sensa ta APS-C a tuna ana ninkawa da 1.5, a Canon 1.6, don haka 35mm zai yi aikin kusan 50mm. Bayan ɗan lokaci mutum zai san iyakar hotonsa tun bai ɗaga kyamara ba. Zai kuma gane cewa girman hanci a hoton fuska ba laifin gilashi ba ne, kusanci ne, ja da baya zuwa mita biyu ya daidaita. Zai gane cewa 50mm a f/1.8 daga mita ɗaya da rabi, zurfin da ke fitowa tar bai wuce santimita goma ba, ido ɗaya ya fito ɗaya ya dushe idan fuska ta karkata. Zai lura cewa haske daga ƙaramar fitila yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu idan nisa ya ninka, mataki biyu ke nan.

Mai Ɗakin Duhu: A gilashi ɗaya mun haɗu. Amma akwai abin da tsofaffin kyamarori ke yi wa ido da allo ba ya yi. Babbar kyamara mai mayafi tana nuna hoto a kife, ƙafa sama kai ƙasa. Mai gilashi biyu da ake leƙawa daga sama tana juya dama zuwa hagu. Da hoto ya kife, ƙwaƙwalwa ta daina cewa wannan bishiya ce, wannan mutum ne, sai ta koma ganin layi da nauyin duhu da haske. Nan take za ka ga gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Maman Haske: A kifa hoton a kwamfuta, a kuma ƙanƙanta shi kamar kan sarki, aiki ɗaya zai yi. Ga kuma wanda fim ba zai iya ba: sa kyamara mara madubi a baƙi-da-fari kana ɗaukar RAW, tagar leƙawa ta nuna maka duniya babu launi, fayil kuma ya ajiye launinsa. Nan mutum zai ga jan fure da koren ganye sun zama toka iri ɗaya, abin da mai fim ba zai sani ba sai bayan wanki.

Mai Ɗakin Duhu: Mai fim ya sani tun kafin wanki, Hajiya, shi ya sa yake yawo da matatar launi a aljihu. Ja tana haskaka ja, ta duhunta kore da shuɗi, tana cin mataki uku. Ruwan lemo biyu. Rawaya ɗaya, ita ce ke fito da gajimare daga sama.

Mai Gyaran Kyamara: Kafin ku cinye juna: mai tafiya da fim ta filin jirgi ya nemi a duba masa da hannu. Sababbin na'urorin CT na binciken jakar hannu suna iya lalata fim a wucewa ɗaya, kuma kada a taɓa sa shi a jakar da ke shiga ƙarƙashin jirgi.

Sabon Hannu: To ni dijital ce a hannuna, da gilashin 18-55mm da ya zo da ita. In saya ta fim ko in tsaya?

Ɗan Lissafi: Tsaya tukuna. Kai zoben gilashin kan 35mm ka manne shi da salatif. Kashe nunin hoto bayan ɗauka. Ƙayyade wa kanka 36 a fita ɗaya, ba gogewa. Kafin kowane latsawa, dubi kusurwa huɗu, dubi abin da ke bayan kan mutum, faɗi ƙofa da sauri a ranka. Kada saurin ya sauka ƙasa da 1/60 idan a hannu kake riƙe da ita. Ka dawo gida ka buɗe su duka a babban allo, har da munanan, ka rubuta wa kowanne abu ɗaya da ya fito wanda ba ka gani ba lokacin ɗauka.

Mai Ɗakin Duhu: Wato ya mayar da dijital ɗinsa fim ke nan. Na gode da kuka yarda.

Maman Haske: Fim ɗin da ke rubuta masa lambobinsa da kansa, Baba. Sabon Hannu, idan ka yi fitar farko turo mana guda uku da suka fi ba ka haushi, tare da lambobinsu, kada ka taɓa su da manhaja.